Kaushi Ko Santsi: Yadda Ƙashi Ke Karɓar Ƙarfen Da Aka Dasa Masa

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Funtuwa, ta bi ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara ta nufi Gusau, ya san hanya ce wadda ba ta hutawa. Manyan motoci ɗauke da masara da shanu, ƙananan motocin haya, ga kuma babura birjik, waɗanda su ne jakunan wannan zamani a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Inda babur ya yawaita kuwa, karaya ba ta yin nisa. A kan wannan kuma aka sami ƙarin wata musiba, wato raunin harsashi, sakamakon hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankin.

Bisa al'ada, wanda ya karye wurin maɗori ake fara kai shi. Maɗori ya ja ƙafa, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, kuma karaya da yawa takan warke ta haka, domin ƙashi da kansa yake ɗinkewa muddin aka tsayar da shi wuri ɗaya. Amma akwai karayar da ta fi ƙarfin kara, kamar wadda ƙashi ya huda fata ya fito, ko ya dagargaje, ko wadda ta ratsa cikin gaɓa. Irin wannan sai asibiti. Daga Funtuwa sau da yawa akan wuce da majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Bayan 'yan makonni mutum ya dawo gida yana dogara sanda, a riƙa cewa "ai an sa masa ƙarfe".

Masu zuwa dubiya sukan yi tambayoyi iri-iri. Zai yi tsatsa? Zai riƙa jan sanyi da hunturu? Za a cire shi ko kuwa ya zauna ke nan? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai nauyi, kuma tana da alaƙa da wani abu wanda ido ba ya gani, ko a hoton ƙashi ba ya fitowa, wato fatar ƙarfen. Masana sun shafe fiye da shekara hamsin suna nazarin wannan fata, suka gano cewa kaushinta ko santsinta yana cikin manyan abubuwan da ke sa ƙashi ya rungumi ƙarfe, ko kuma ya yi nesa da shi.

Magina da marusa

Kafin a fahimci wannan, sai an kawar da wani zato da aka daɗe ana yi, cewa ƙashi busasshen abu ne kamar itacen da aka sare. Ƙashin mai rai cike yake da jini da ƙwayoyin halitta. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne na kalsiyom da fosfaros, wanda masana ke kira haidiroksi-afatayit, sauran kuma galibi zare ne mai danƙo da ake kira kolajin, sai ruwa. Ma'adinin ne ke ba shi tauri, zaren kuma ya hana shi fashewa kamar tukunyar ƙasa.

Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a cikinsa dare da rana. Na farko marusa ne: manyan ƙwayoyi da ke manne wa tsohon ƙashi, su zuba masa asid, su narkar da shi, su bar 'yan ramuka. Na biyu magina ne, waɗanda ke biyo bayan marusa, su shimfiɗa kolajin a cikin ramukan, sa'an nan ma'adini ya taru a kai ya daskare. Ta wannan hanya ake sabunta kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙasusuwan baligi a kowace shekara.

Abin lura a nan shi ne irin filin da magina suka saba aiki a kai. Ba su taɓa samun shimfiɗaɗɗen wuri sumul ba. Kullum abin da suke tararwa shi ne wurin da marusa suka gama ƙwaƙulewa, mai ramuka da tuddai ƙanana, waɗanda ake aunawa da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai wajen maikiromita 70. To, duk labarin da ke tafe yana faruwa ne a tsakanin tudu da rami waɗanda zurfinsu bai wuce maikiromita ɗaya ko biyu ba.

Zomayen da suka riƙe kayan likita

Likitoci sun daɗe suna saka ƙarfe a jiki. A Jamus, Gerhard Küntscher ya fara zura doguwar sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargon ƙashin cinya a 1939, kuma a 1958 wasu likitocin ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta tsara yadda ake ɗaure karaya da farantin ƙarfe da ƙusa mai barima. Amma a wancan lokaci an ɗauka cewa jiki ba zai taɓa yarda da baƙon abu ba. Abin da aka saba gani shi ne jiki ya kewaye ƙarfe da wani siririn tantani mai kama da naman tabo, ya ware shi gefe, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta daɗe a tafin ƙafa.

A shekarun 1950, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ɓargo. Sai ya dasa wasu 'yan bututu na ƙarfen titaniyom masu madubi a ƙasusuwan ƙafar zomaye, domin ya riƙa leƙawa. Da ya gama bincikensa ya zo cire kayansa, sai suka ƙi fita. Ƙashi ya manne wa ƙarfen kai tsaye, babu tantanin komai a tsakani. Tun a 1940 wasu masu bincike a Amurka sun lura da irin wannan a ƙasusuwan kyanwoyi, amma Brånemark ne ya riƙe maganar ya mayar da ita magani. A 1965, a birnin Gotanbag, ya dasa wa wani mutum ƙusoshin titaniyom a muƙamuƙinsa na ƙasa, aka ɗora haƙoran roba a kai. Mutumin ya ci abinci da su har rasuwarsa a 2006. Duk da haka sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982 sauran likitocin duniya suka gaskata.

Sirrin titaniyom shi ne, da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta bayyana a kansa, kaurinta 'yan nanomita kaɗan, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita. Wannan fata ce ke hana shi tsatsa, kuma ita jiki ke haɗuwa da ita, ba ainihin ƙarfen ba. Ga amsar masu tambayar tsatsa ke nan. Wani abin sha'awa kuma, ma'adinin da ake fitar da titaniyom daga cikinsa yana nan a cikin yashin da aka bari bayan haƙar kuza a Filato, Saliyo kuma tana cikin ƙasashen da suka yi suna wajen haƙarsa.

Ƙusoshin Brånemark na farko, yadda injin ya fere su haka ake dasa su, da ɗan santsinsu. Sun yi aiki, amma da jinkiri. Ƙa'idarsa ita ce a jira wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora haƙori.

Darasin mai faci, da inda ya tsaya

Ko yaron mai faci a bakin tashar Mairuwa ya san ba a shafa sholisho a kan tub mai sheƙi. Sai an kankare wurin tukuna ya yi kaushi, sa'an nan faci ya kama. Haka magini ba ya yaɓe a bango mai sulɓi. Irin wannan tunani ne ya sa André Schroeder na Jami'ar Bern a Suwizalan, a shekarun 1970, ya gwada ƙusoshin da aka fesa wa narkakken garin titaniyom har suka yi kurzunu-kurzunu, ya kuma nuna a ƙarƙashin madubin ƙara girma cewa ƙashi yana shiga cikin lungunansu.

Binciken da ya fi yin tasiri shi ne wanda Daniel Buser da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, su ma daga Bern. Sun dasa gutattakin titaniyom masu fata iri shida a ƙasusuwan ƙafafun wasu ƙananan aladu, bayan mako uku da mako shida suka yanka ƙasusuwan sala-sala, suka auna ko kashi nawa na jikin ƙarfen ne ƙashi ya taɓa kai tsaye. Masu santsi sun sami kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Waɗanda aka yi wa feshin titaniyom, da waɗanda aka buga wa tsakuwa mai gwaɓi kawai, sun sami 30 zuwa 40. Waɗanda aka buga wa tsakuwar sa'an nan aka tsoma a asid sun kai 50 zuwa 60. Masu rufin ma'adinin ƙashi kuwa sun kai 60 zuwa 70, sai dai an ga alamar rufin yana zaizayewa. Ban da wannan na ƙarshe, ƙarfen ɗaya ne, dabbobin iri ɗaya ne, fata kawai aka sauya, amma kamun ya ninka fiye da sau biyu.

Yadda ake yin fatar da ta yi fice a cikin na tsurar titaniyom ba shi da wuyar fahimta. Da farko a harba wa ƙarfen tsakuwa mai tauri, mai girman rubu'i zuwa rabin milimita, da iska mai ƙarfi, ta lotsa shi ta bar manyan kwaruruka. Sa'an nan a tsoma shi a asid mai zafi, wanda ɗaya daga cikin haɗinsa shi ne irin na ruwan batir, ya ƙwaƙule ƙananan ramuka a cikin manyan. Sakamakon ya yi kama ƙwarai da filin da marusa ke bari.

A nan ne misalin mai faci ya tsaya, domin sholisho ba shi da rai, ƙwayoyin jiki kuwa suna da shi. Da zarar an ɗaura ƙusa a ƙashi, abin da ke fara taɓa ta jini ne. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sinadaran jini sun lulluɓe ta, sa'an nan jinin ya daskare ya zama guda, wanda a cikinsa akwai wata saƙa ta siraran zaruruwa da ake kira faibirin. Wannan saƙa ita ce gadar da 'ya'yan magina ke bi daga tsohon ƙashi su isa ga ƙarfe. Matsalar ita ce, suna tafiya suna jan zaren, gudan jinin kuma yana tsukewa. Idan fatar ƙarfen sumul take, sai saƙar ta saɓule, gada ta yanke, magina su tsaya a can nesa su riƙa gini daga ɓangaren tsohon ƙashi kawai, a hankali. Idan kuwa akwai ramuka da lunguna, sai zaren ya maƙale, magina su ƙetare su zauna a kan ƙarfen kansa su fara gini daga nan. Ginin ya zama daga gefe biyu ke nan, a haɗu a tsakiya. John Davies na Jami'ar Toronto ne ya fi kowa bayyana wannan a ƙarshen shekarun 1990.

Bugu da ƙari, ƙwayar halitta tana jin abin da take kai. Tana da wasu 'yan maƙalai a jikinta da take riƙe wuri da su, kuma yadda suka ja ta, haka saƙo ke isa cikinta. A dakin gwaji, Barbara Boyan da Zvi Schwartz da ɗalibansu a Amurka sun nuna a shekarun 1990 cewa ƙwayoyin ƙashi da aka shuka a kan titaniyom mai santsi sukan baje su yi faɗi kamar wainar ƙwai, su yi ta hayayyafa. A kan mai kaushi kuwa sukan tsaya da ƙafafu a kan tuddai, su rage haihuwa, su balaga da wuri, su fara fitar da sinadaran ginin ƙashi. Wato dai kaushi yana gaya musu cewa marusa sun wuce ta nan, lokacin gini ya yi.

Da irin wannan fata, jiran wata uku zuwa shida ya sauko zuwa mako shida ko takwas ga mai lafiyayyen muƙamuƙi.

Kaushi ma yana da iyaka

Mai karatu zai iya cewa, to ai sai a yi ta ƙara kaushi. Ba haka abin yake ba. Ann Wennerberg da Tomas Albrektsson na Gotanbag sun auna fatu da yawa da na'urori masu amfani da haske, suka kasa su huɗu bisa matsakaicin tsayin tuddansu: ƙasa da rabin maikiromita santsi ne, daga rabi zuwa ɗaya ɗan kaushi, daga ɗaya zuwa biyu matsakaici, sama da biyu kuma kaushi sosai. Ƙashi ya fi amsawa ga matsakaicin, wajen maikiromita ɗaya da rabi, kuma a nan mafi yawan dasassun haƙoran da ake sayarwa a yau suke.

Babban dalilin taka tsantsan shi ne, ba magina kaɗai ke son lungu ba. Ƙwayoyin cuta na bakteriya ma suna so, ga shi kuma girman da yawansu bai wuce maikiromita ɗaya ba, daidai ramin da asid ya haƙa. A 1987 wani likitan ƙashi a Amurka, Anthony Gristina, ya kwatanta abin da tsere: duk wanda ya riga isa fatar ƙarfe tsakanin ƙwayoyin jiki da ƙwayoyin cuta, shi ne mai gida. Idan bakteriya suka riga, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsawa da sauƙi, kuma sau da yawa ba a rabuwa da su sai an fitar da ƙarfen ɗungurungum. Saboda haka ake goge wuyan dasasshen haƙori, wato ɓangaren da ke ratsa dasashi ya fito baki, ya yi sumul. Masana a Leuven ta Beljiyom sun nuna cewa sai santsin ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na maikiromita sa'an nan ƙarin gogewa ke daina rage taruwar dattin haƙori.

Kamfanoni kan yi ta yayata sababbin fatu, kowane da sunansa mai daɗin ji, amma ya kamata a saurare su da kunne ɗaya. A 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, ba ta sami hujjar da ta nuna wani nau'in dasasshen haƙori ya fi saura daɗewa ba. Abin da ta gani shi ne alamar cewa masu santsi sun fi saurin faɗuwa da farko, amma in sun kama, ba su cika samun ciwon da ke cinye ƙashin da ke kewaye da su ba. Saurin kamu a ƙafar alade abu ne daban, shekara ashirin a bakin mutum kuma abu ne daban.

Ƙugun masu amosanin jini

Dasa haƙori har yanzu abin masu hali ne a manyan birane. Inda wannan ilmi ya fi shafar talakan Arewa shi ne a gaɓar ƙugu, kuma dalilin shi ne amosanin jini, wato sikila. A rahotonta na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta a Nijeriya kowace shekara. Ƙwayoyin jininsu masu siffar lauje sukan toshe ƙananan hanyoyin jini, kan ƙashin cinya kuwa, wato dunƙulen nan da ke juyawa a cikin kwatangwalo, hanyoyin da ke ciyar da shi kaɗan ne. In sun toshe sai ƙashin ya mutu, ya lotse, saurayi ko budurwa 'yar shekara ashirin ta koma ɗingishi da ciwon da ke hana barci. Idan abin ya yi nisa, mafita ita ce a sauya gaɓar da ta ƙarfe, aikin da ake yi a Dala da wasu asibitocin koyarwa.

Gaɓar ƙugu ta zamani ta samo asali ne daga aikin John Charnley a Wrightington ta Ingila a 1962. Shi yakan kafa ƙarfen a cikin ƙashi da wani simintin roba mai daskarewa. Wannan dabara tana yi wa tsofaffi kyau har gobe. Amma matashi zai yi shekaru masu yawa yana taka ƙafar, siminti kuwa ba ya sabunta kansa in ya tsage. Wannan ya sa likitoci da yawa suka fi son dasa wa matasa gaɓar da ba ta da siminti, wadda ƙashi da kansa zai riƙe.

A nan ana bukatar abin da ya fi kaushi, wato ƙofofi, domin ƙashi ya kutsa ciki da hanyoyin jininsa. Akan narka ƙananan ƙwallayen ƙarfe ko zaren waya a jikin gaɓar, ko a fesa mata titaniyom, wani lokaci a ƙara rufin ma'adinin ƙashi a kai, kamar yadda Ronald Furlong ya fara a Ingila a 1985. Gwajin da Dennis Bobyn da abokansa suka yi a kan karnuka a Kanada a 1980 ya nuna cewa ƙofofi masu faɗin maikiromita 50 zuwa 400 ne suka fi ba da riƙo mai ƙarfi cikin gaggawa. Daga wajen 2007 kuma aka fara amfani da gaɓoɓin da na'ura ke ginawa hawa-hawa daga garin titaniyom, masu huji ko'ina kamar soso.

Sai dai komai kyan ƙofofi, akwai sharaɗi guda wanda maɗoran gargajiya ma sun san shi: kada abin ya motsa. Robert Pilliar na Toronto da abokansa sun ba da rahoto a 1986 cewa in motsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi bai wuce maikiromita 28 ba, ƙashi yana shiga ƙofofin. In ya kai 150, wato kaurin gashi biyu kacal, sai naman tabo ya cika su a maimakon ƙashi. Shi ya sa likita ke buga gaɓar ta shiga da matsi sosai, kuma shi ya sa yake kafa wa majinyaci dokar yadda zai taka ƙafa a makonnin farko. Ga masu amosanin jini aikin ya fi wuya, domin ramin ɓargonsu kan toshe da ƙashi mai tauri, kuma sun fi sauran mutane saurin kamuwa da ciwon ƙwayoyin cuta, wato a tseren nan na Gristina abokan hamayya sun fara da rata.

Ƙarfen da baƙo ne

Mafi yawan mutanen Mairuwa da aka sa wa ƙarfe ba gaɓa aka sauya musu ba, karaya aka ɗaure. Farantin da ke kan ƙashin hannu ko sandar da ke cikin ɓargon cinya aikinsu ɗaya ne da na karan maɗori: su riƙe har ƙashi ya ɗinke. Bayan nan, a wurin baligi sau da yawa akan bar su in ba sa damunsa. Amma akan cire in suna sa ciwo, ko sun kamu da cuta, ko suna kusa da inda ƙashin yaro ke girma. A nan duk abin da aka yaba a sama ya zama aibi. Ƙarfen da ƙashi ya rungume ba ya fita da daɗi: kan ƙusa ya cinye, ko ta karye a ciki, aikin rabin awa ya zama na awa biyu, har a kai ga sassaƙe lafiyayyen ƙashi.

Masu bincike a cibiyar AO da ke Davos, ƙarƙashin Geoff Richards, sun bi wannan matsala a shekarun 2000. Sun dasa wa tumaki farantai da ƙusoshi da sandunan titaniyom, wasu da fatarsu ta kasuwa mai ɗan kaushi, wasu kuma an goge su sun yi sheƙi. Gogaggun sun fi sauƙin fita, ƙashi kuma bai hau kansu sosai ba. Santsi yana da wani amfanin a hannu da wuyan hannu, inda jijiyoyin da ke motsa yatsu ke gogar faranti: a kan mai sheƙi sukan zame, a kan mai kaushi nama kan manne.

Wannan ya nuna cewa ƙarfe marar tsatsa, wanda ya fi titaniyom araha kuma ake yawan ɗaure karaya da shi a asibitocin Nijeriya, ba kayan kunya ba ne. A goge yake fitowa daga masana'anta, jiki ya kewaye shi da siririn tantani, ranar cirewa ya fito salin-alin. Sandunan da ƙungiyar SIGN ta Amurka ke bai wa asibitocin ƙasashe masu tasowa tun 1999, har da wasu a Nijeriya, da shi aka yi su. Majinyacin da aka ce masa nasa ƙarfen "mai araha" ne, kada ya ɗauka an rage masa wani abu a wajen warkewar karaya.

Akwai kuma mai tsaka-tsaki, wanda masu raunin harsashi da mummunan haɗarin babur suka fi sani. Idan rauni a buɗe yake kuma ya ƙazantu, likita ba ya son binne ƙarfe a ciki. Sai ya huda ƙashin sama da ƙasa da raunin da dogayen ƙusoshi, su fito ta fata, a haɗa su da sanduna a waje. Waɗannan ƙusoshi baƙi ne, amma baƙin da za su yi watanni, ga shi kuma kowace ɗaya ƙofa ce a buɗe tsakanin ƙurar waje da ɓargo. Ƙusar da ta fara girgiɗi takan tara ruwa a kewayenta, ruwan ya zama gidan bakteriya, ciwon ya ƙara sassauta ta. A shekarun 1990 Antonio Moroni da abokansa a cibiyar Rizzoli da ke Bologna ta Italiya suka gwada rufe barimar ƙusar kaɗai da ma'adinin ƙashi, aka bar sandarta da ke ratsa fata sumul. Sun tarar ba ta cika sassautawa ba, har ƙarfin da ake bukata wajen kwance ta yakan kai ko ya wuce wanda aka ɗaura ta da shi, akasin gama-garin ƙusa. Kuɗinta ya fi yawa, cire ta kuma ya fi zafi, don haka an fi ajiye ta ga wanda zai daɗe da ƙarfen waje, ko mai ƙashi marar ƙwari.

Wanda aka sallama ya koma ƙauye da irin wannan ƙarfe a ƙwauri, ragowar aikin yana hannunsa da na masu jinyarsa. Akan koya musu wanke bakin kowace ƙusa da tsabtataccen ruwan gishiri ko maganin da aka ba su, kowace da nata audugar, ba a shafa mata man shanu ko garin magani. Taba sigari tana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da magina ke dogara da su, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana rage musu kuzari. Hawan babur a kan hanyar gona mai gargada kafin likita ya ba da izini yana iya motsa ƙarfe fiye da kaurin gashi biyu nesa ba kusa ba. Ƙusar da ta fara juyawa in an taɓa, ko bakinta ya yi ja yana fitar da mugunya, ba a jira ranar da aka rubuta a kati, a ranar ake neman mota zuwa Funtuwa.